Kundin Zauren Waiwaye na Malamai

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Yau aka buɗe zauren. Malamai talatin da 'yan kai suka shigo: na firamare, na sakandare, da 'yan kaɗan daga kwalejojin horar da malamai. Yawancinmu ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba. Wani kwas na intanet ne ya haɗa mu, da ya ƙare sai muka ga bai kamata mu watse haka nan ba.

Abin da muka sa a gaba shi ne duk mako a fitar da aiki guda da zai sa malami ya waiwayi koyarwarsa, ta zane, ko hoto, ko wasiƙa, ko saƙon murya. Ni ke tsara ayyukan a wannan zangon. Wani malamin lissafi da wata malamar tarihi suna taya ni lura da zaure.

Kayan aikinmu uku ne: WhatsApp don hirar yau da kullum, allon Padlet don adana abin da aka yi, sai Zoom don zama sau ɗaya duk mako biyu. Dukkansu na kyauta muke amfani da su, don haka abin da zai fita daga aljihu data ce kawai. Lokaci ya fi ta tsada a wurin malami, shi ya sa muka yanke cewa kada wani aiki ya ci wa mutum fiye da minti 15.

Dokoki biyu: ba a rubuta sunan ɗalibi ko na makaranta, ba a saka hoton fuskar yaro.

Makon nan ba za a taɓa abu mai nauyi ba. Gilly Salmon, wadda ta fitar da matakai biyar na tafiyar da koyo ta intanet a shekarar 2000, ta sa shiga da sabawa da kayan aiki a matakin farko, sanin juna a na biyu, kafin a kai ga musayar bayani da gina ilimi tare. Na yarda da ita. Babu mai faɗin inda darasinsa ya karye a gaban baƙi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Aikin sanin juna: kowa ya ɗauki hoton abin da ba ya shiga aji sai da shi, ya rubuta layi biyu a kai. An samu jan biro, tsohon agogon hannu, kundin da bangonsa ya tsage, da wani malamin kimiyya da ya turo maganaɗisu riƙe da ƙusoshi. Zaure ya yi armashi. Padlet ya ƙi buɗuwa a wayoyin wasu, an ɗora musu nasu.

Asabar, 20 ga Satumba

Makon nan ya ba mu ruwa.

Aikin shi ne kowa ya ɗauki darasi guda ya bi shi da matakai shida da Graham Gibbs ya tsara a 1988: me ya faru, me ka ji, me ya yi kyau me bai yi ba, me ya jawo, me kuma da za ka iya yi, me za ka yi nan gaba. An shirya shi a fam na Google, gurbi shida, har da launuka.

Amsoshin da suka zo ba su kai goma ba, kuma sai ka rantse mutum ɗaya ne ya rubuta su. "Darasi ya gudana cikin nasara. Ɗalibai sun fahimta. Ƙalubalen shi ne ƙarancin kayan aiki. Nan gaba zan ƙara ƙoƙari." A gurbin "me ka ji", wani ya rubuta "Lafiya lau."

Na kira malamin lissafin nan da dare na tambaye shi me yake gani. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan fam ɗin sufeto ne. Ni kaina da na ga gurabe a jere, hannuna ya rubuta abin da ya saba rubuta wa ofis kafin kaina ya farga."

Gaskiya ya faɗa. Malami ya shekara da shekaru yana cike takardun da ake auna shi da su, ya kuma koyi cewa abin da ya rubuta yau zai iya dawowa gobe ya zama hujja a kansa. Matakan Gibbs suna da amfani ga mutumin da abu ya riga ya tsaya masa a rai. John Dewey ya faɗa tun 1910 cewa tunani yana tasowa ne daga inda mutum ya rikice, ya rasa wace hanya zai bi. Mu kuwa muka nemi mutane su yanke hukunci kan darasin da babu abin da ya rikita su a cikinsa, domin ba su ga komai ba tukuna. Darasi ne irin na kullum, ya zo ya wuce.

An ajiye fam. Aikin mako mai zuwa zai fara da gani, rubutu ya biyo baya.

Laraba, 24 ga Satumba

Taswirar aji. A ɗauki farar takarda a zana ajin kamar daga sama ake kallonsa, kujera-kujera, ko layi-layi in ɗaliban sun yi yawa. A ajiye ta a kan tebur lokacin darasi. Duk sa'ad da ka tambayi ɗalibi ko ka saurari amsarsa, ka ɗiga ɗigo a wurin zamansa. Bayan an tashi, ka ja layi da wani launi ka nuna inda ƙafarka ta taka. Sai a turo hoton tare da amsar tambayoyi uku da Terry Borton ya kawo a 1970: Me ya faru? To sai me? Yanzu sai yaya?

Tun jiya hotuna ke shigowa, sun ninka amsoshin makon jiya. Wadda ta fi tsaya min a rai ta wata malamar kimiyya ce. Ɗigonta sun cunkushe a layi biyu na gaba da tsakiyar aji. Kusurwar baya ta hagu fara fat. Jan layin ƙafarta ya kai ya komo tsakanin allo da tebur har takardar ta kusa hujewa. A ƙasa ta rubuta: "Yara takwas ne a wannan kusurwar. Na zauna ina ƙoƙarin tuna muryarsu, biyu kaɗai na tuna."

Da aka jera taswirorin a Padlet sai ga shi kusan duk kamanninsu ɗaya. Na faɗa wa zaure cewa ba mu muka fara ganin haka ba. Raymond Adams da Bruce Biddle sun ɗauki bidiyon azuzuwa a Amurka, suka wallafa a 1970 cewa mafi yawan maganar da ke gudana tsakanin malami da ɗalibai daga layin gaba da tsakiyar aji take fitowa. Na lura wannan bayanin ya kwantar wa mutane da hankali. In abu ya zama ruwan dare, faɗinsa ba ya zama tonon asiri.

Wani malami da ke koyarwa ta intanet ya ce shi ba shi da kujerun da zai zana. Ya yi amfani da jerin sunayen mahalarta, ya tarar masu kyamara a kunne ne kawai ke samun tambaya.

Lahadi, 28 ga Satumba

Zaman Zoom na farko, kuma bai yi daɗi ba. Minti goman farko sun tafi a "Kuna ji na?" da "Malam, a kashe makirfo." Masu kyamara a kunne suka riƙa daskarewa. Wasu sabis ya yi ta fitar da su yana dawo da su har suka haƙura. Da hira ta kankama, malamar kimiyyar nan tana tsakiyar ba da labarin yadda ta koma kusurwar baya ta tsaya tana koyarwa daga can, sai Zoom ya yanke. Na kyauta minti 40 ne iyakarsa. Da aka sake buɗe wani zaman, rabin mutane ba su dawo ba. Da safe kuma ƙorafi ya biyo baya: datar da za ta kai wasu kwanaki ta ƙare a zama ɗaya.

Wannan duk mai sauƙin gyara ne. Wadda ta fi wuya ita ce mutum biyu, dukansu manya a aiki, sun cinye kusan duk lokacin da aka samu. Maganarsu mai ma'ana ce, amma ƙananan malamai sun ja bakinsu sun yi shiru don girmamawa, alhali su ne suka fi turo taswira.

Gyaran da aka amince da shi: a kashe kyamara, sai mai magana in ya ga dama. Zama ya tsaya a minti 35. Kowa minti biyu bi da bi, a fara da waɗanda suka fi ƙarancin shekaru a aiki. Wanda bai samu shiga ba ya turo saƙon murya na minti ɗaya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Babu sabon aiki. An bar mutane su sake zana taswira bayan sun sauya wurin tsayuwa. Wasu sun turo ta biyu. Ɗigon sun fara bazuwa, sai dai bai kai yadda masu su suka zata ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ranar Malamai ta Duniya, wadda ake yi tun 1994 don tunawa da shawarwarin da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da su a 1966 kan matsayin malamai. Muka yi amfani da ranar: kowa ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani malami da ya koyar da shi, ba tare da suna ba, ba kuma don a aika ba.

Zaure bai taɓa cika irin na yau ba. Wasu sun karanta tasu a saƙon murya, akwai wadda muryarta ta karye ta tsaya ta sake ɗauka. An yi ta addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wasiƙun sun yi kyau ƙwarai.

Amma da yamma na zauna na sake bin su, sai na ga babu ko ɗaya da ta shiga ajin mai rubuta ta. Duk sun tsaya a jiya. Dan Lortie ya ƙiyasta a 1975 cewa kafin yaro ya gama sakandare ya yi kimanin awa 13,000 yana kallon malamai suna aiki. Duk wanda ya zama malami da wannan kallon yake shiga aji, tun kafin kwaleji ta koya masa komai. Stephen Brookfield ma, cikin tabarau huɗu da ya ce malami ya duba aikinsa da su a 1995, ya sa tarihin malamin kansa a farko, sannan idon ɗalibai, idon abokan aiki, da abin da bincike ya nuna. Sai na ƙara tambaya ɗaya a ƙarƙashin wasiƙun: wace ɗabi'a ta wannan malamin ce take hannunka yau?

Amsoshi sun ragu sosai, amma waɗanda suka zo suna da nauyi. Wani ya ce malaminsa kan rufe kowace jimla da "Kun gane?", aji ya amsa "Eee!", shi ma haka yake yi yau, kuma ya tuna sarai cewa yana yaro yakan amsa "Eee!" ɗin ko bai gane komai ba. Wata ta ce ta gaji zagaye kuskure da jan biro ba tare da rubuta gyara ba, daga malamar da ta fi ƙauna.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na duba jerin 'yan zaure. Akwai kusan kashi ɗaya cikin uku da tun hoton makon farko ba a sake jin ɗuriyarsu ba, kodayake alama na nuna suna karanta komai. Jakob Nielsen ya rubuta a 2006 cewa a yawancin zaurukan intanet kashi 90 cikin 100 masu kallo ne kawai, kashi 9 suna saka baki jefi-jefi, kashi 1 ne ke yin yawancin magana. Namu ya fi haka nesa ba kusa ba, amma ƙaramin zaure ne na abokan sana'a, ban ga dalilin da za mu gamsu ba.

Mun raba su tsakaninmu mu uku muka tuntuɓe su a keɓe. Wasu aiki ne ya sha musu kai. Wani ya ce yana yin kowane aiki a kundinsa, turowa ce ba ya yi, kuma ban ga laifinsa ba. Jean Lave da Etienne Wenger sun nuna tun 1991 cewa sabon shiga sana'a daga gefe yake fara koyo, yana kallo, kafin ya matso tsakiya. Amma wata sabuwar malama ta ce, "Malam, ina jin nauyi ne. Akwai waɗanda suka haife ni a zauren nan, ta yaya zan rubuta kurakuraina su karanta?"

Daga mako mai zuwa za a raba mutane uku-uku. A fara nuna aiki a cikin ukun, wanda ya so ya kai babban zaure.

Litinin, 13 ga Oktoba

An fitar da aikin makon: ƙirga shiru. Kowa ya ajiye waya a kan tebur ya naɗi muryarsa ta minti 10 a lokacin tambaya da amsa. A gida ya saurara da agogo a hannu, ya ƙirga sakan nawa ke tsakanin ƙarshen tambayarsa da lokacin da ya sake buɗe baki. Sai ya zana darasin a layi guda: baƙi inda shi ke magana, wani launi inda ɗalibi ke magana, fili inda aka yi shiru.

Tushen aikin binciken Mary Budd Rowe ne, masaniyar koyar da kimiyya 'yar Amurka, wadda ta bayyana a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin sakan ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya. In jiran ya kai sakan uku ko fiye, amsoshi kan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru, "ban sani ba" ta ragu, ɗalibai ma su fara yin tasu tambayar. Kafin a naɗa, na sa kowa ya rubuta abin da yake zaton yana jira. Yawanci sun ce sakan biyar.

Asabar, 18 ga Oktoba

Wannan aikin ya fi kowane tasiri, ya kuma fi kowane jawo matsala.

Matsalar farko ta zo ranar Talata. Wani malami, cikin zumuɗi, ya turo naɗin gaba ɗaya a babban zaure, ga shi yana kiran yara da sunayensu, har da wanda ya daka wa tsawa. Malamar tarihi ta gani ta goge wa kowa, amma wasu sun riga sun saurara. Dokarmu ta hana rubuta suna da saka hoto, ba ta ambaci murya ba. Yanzu ta ambata: naɗi ba ya barin wayar mai shi, zanen layi da jimla ɗaya kawai ake turowa, a goge naɗin bayan an gama. Ta biyu, wani shugaban makaranta ya hana malamarsa naɗar komai a aji, kuma yana da hurumin yin haka. Ta roƙi wata abokiyar aikinta ta zauna a baya da agogo ta ƙirga mata. Da a ce tun farko an ce kowa ya nemi izini, da ba a kai nan ba, don haka an sa shi cikin ƙa'ida.

Sai kuma sakamakon. Babu wanda ya kai sakan biyar ɗin da aka zata. Malamin lissafi ya turo layinsa, baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe, sai 'yan ɗigon kore nan da can. Ya biyo da saƙon murya: "Jama'a, na ji kaina na ce, 'Rabi da kwata nawa ke nan? Wa zai faɗa? Ba kowa? To, kashi uku cikin huɗu ne, ku rubuta.' Duk a numfashi ɗaya. Na mayar na sake saurara, wallahi ko ni aka yi wa tambayar ban isa in amsa ba."

Ranar Alhamis ya gwada jira. Ya ce ya riƙa ƙirgawa da yatsu a bayansa, kuma sakan ukun nan sun yi masa tsawo har gumi ya keto masa. A tambaya ta huɗu wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu ba ya ɗaga, ya ba da amsa ba daidai ba, amma ya faɗi yadda ya yi lissafinsa: ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Malamin ya ce da ya tambaya, sai ga kusan rabin ajin haka suke yi.

Rowe ta yi magana kan jira na biyu ma, wanda ke zuwa bayan ɗalibi ya gama amsa. Wannan ya fi wuya, domin baki ya saba da "Madalla" ko "A'a" nan take. Mutum biyu ne kawai suka ce sun gwada.

Abin da ya burge ni shi ne waiwayen ya tashi daga kan takarda ya shiga cikin darasin. Donald Schön ya bambanta a 1983 tsakanin tunanin da mai sana'a ke yi bayan ya gama aiki da wanda yake yi yana tsakiyarsa. Mai ƙirga yatsu a bayansa ya shiga na biyun.

Laraba, 22 ga Oktoba

An samu saɓani. Sabuwar malamar nan da ta ce tana jin nauyi ta yi ƙarfin hali ta rubuta a babban zaure cewa ta gwada jira, aji ya kaure da surutu, ta rasa yadda za ta yi. Ɗaya daga cikin manyanmu ya amsa mata: "Wannan rashin iya riƙe aji ne. Sai an fara koyon wannan kafin a zo ga su ƙirga sakan." Kafin awa ɗaya ta fice daga zauren.

Na kira ta. Ta ce ba komai, aiki ne ya yi mata yawa. Muryarta ta nuna akwai komai. Na ce, "Malama, ki yi haƙuri. Tambayar da kika yi ita ce ta fi kowace amfani a makon nan, kuma ba ke kaɗai abin ya faru da ke ba, ke ce dai kika faɗa." Ta ce za ta yi tunani.

Sai na kira shi. "Ranka ya daɗe, maganar da ka yi wa malamar nan ta yi mata nauyi."

"Ni gyara na yi mata," in ji shi. "Ai 'yata ce a aiki. In ban faɗa mata ba wa zai faɗa?"

"Haka ne. Amma da ka tambaye ta me ta ce wa yaran kafin ta yi shirun, da mun ji inda abin ya kwance."

Ya ɗan yi jim, ya ce zai tura mata saƙo. Ya tura kuwa, ya kuma yi mata ainihin tambayar. Ashe ba ta gaya wa yaran komai ba, shiru kawai ta yi, su kuma suka ɗauka an ba su hutu. Shi ne ya ba ta shawarar ta ce musu, "Kowa ya yi tunani, kada wanda ya ɗaga hannu sai na ce." Shawara ce ta wanda ya daɗe a aji.

Sabuwar ƙa'ida: duk mai turo aiki ya rubuta a sama ko "ina neman shawara" ko "ku dai saurara". Mai amsawa kuma ya fara da tambaya kan abin da ya faru.

Litinin, 27 ga Oktoba

Makon gwaji da duba takardu a makarantu da dama. Ba a fitar da aiki ba, ƙuri'a kawai aka kaɗa kan na gaba. Malamar ta dawo zaure jiya.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Idon ɗalibai. A minti biyun ƙarshe na darasi, a raba 'yan guntayen takardu, kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya fi shige masa duhu, ba suna. Frederick Mosteller, malamin ƙididdiga a jami'ar Harvard, shi ya bayyana wannan dabarar a 1989. Brookfield yana da tasa mai tambayoyi biyar, amma ta yi yawa ga ƙananan yara da kuma mintinmu 15. Abin da muka ƙara namu shi ne malami ya zaɓi layuka daga takardun ya jera su su zama 'yar waƙa.

Sakamakon ya rabu biyu. Wasu sun gyara kalmomin yaran, suka sa musu amsa-amo, waƙa ta fito tsaf, aka yi ta tura musu alamar tafi. Amma muryar yaran ta ɓace, ta malamin ce ta rage. Waɗanda suka bar kalmomin yadda suke, da kurakuransu, su suka kawo abin dubawa. Ga wani yanki daga ajin wata malamar firamare:

*Ina ganewa in kina yi a allo*
*in na je gida sai ya gudu*
*kina sauri a wurin da ya fi wuya*
*ina jin kunya in ce a sake*

Ta ce kafin ta zaɓi layi huɗun nan sai da ta karanta kowace takarda sau da yawa, ta kasa su kashi-kashi a kan tebur, a nan ta ga kashin "sauri" ya fi kowane tudu. A ganina amfanin waƙar ke nan, ta tilasta mata karatun da ba don ita ba da sau ɗaya za ta yi ta zuba a kwando. In za a maimaita, za a hana sauya ko harafi ɗaya.

Wani ya samu takardar da aka rubuta "komai" a kai. Ya tambayi zaure yadda zai yi da ita, ba a samu amsa mai gamsarwa ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Padlet na kyauta allo uku yake bayarwa, duk sun cika. Saƙonnin murya kuma sun nitse a WhatsApp, mai neman wani sai ya yi ta ja sama. Na kwashe tsofaffin allunan na adana su a babban fayil na Google Drive, mako-mako, na share biyu don a samu wuri. Ya cinye min yammaci guda cur. Saƙonnin muryar da suka fi amfani, malamar tarihi za ta taƙaita su a rubuce in masu su sun yarda.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Zaman jiya ya tafi lami lafiya, minti 35, ba kyamara, ba wanda ya yanke. Kowa ya cika jimla biyu da aka aro daga Project Zero, cibiyar bincike da aka kafa a Harvard a 1967: "Da ina ganin... Yanzu ina ganin..." Kusan duk abin da aka faɗa ya koma ga taswira ko ƙirga shiru ko takardun yara. Wasiƙun ranar malamai, waɗanda suka fi tara jama'a, mutum ɗaya ne ya ambace su, mai "Kun gane?", wanda ya ce yanzu yakan ce wa yaro ya faɗa masa da bakinsa abin da ya gane.

Zango na biyu zai fara ranar Lahadi, 16 ga Nuwamba. Za mu gwada wani abu mai kama da nazarin darasi da malaman Japan ke yi tun ƙarshen ƙarni na 19: a tsara darasi guda tare, mutum ɗaya ya koyar, sauran su sa ido kan ɗalibai, a zauna a tattauna, a gyara. Mu ba za mu iya shiga ajin juna ba, saboda haka kowane rukunin uku zai tsara darasi ɗaya, kowa ya koyar a ajinsa, ya dawo da taswira, layin shiru da takardun yara. Rukunin lissafi sun riga sun zaɓi tara ɓangarorin lamba.

Abubuwan da suka rage kafin Lahadi: a rubuta 'yar takardar neman izini da kowa zai kai wa shugaban makarantarsa, a sake haɗa rukunoni biyu da suka mutu, a samu waɗanda za su karɓi tsara ayyuka bi da bi, mako biyu-biyu. Babban malamin nan da sabuwar malamar sun ce za su ɗauki makonni biyun farko tare. Malaman kwaleji har yanzu ba su da rukuni, domin darussansu ba su zo ɗaya da na kowa ba, zan kira su gobe mu ga yadda za a yi.